Injin Ayis Fish na Kawu Benson

Anti Juliana, don Allah ki taimake ni kafin ranar Lahadi. Ban taɓa rubuta wasiƙa ba sai ta jarrabawa, in na yi kuskure ki gyara, kuma kada ki sa sunana.

Na gama firamare, ban shiga sakandare ba tukuna. Ina taya Mama sayar da kifi a bakin titi a Kakuri, kifin ƙanƙara, wanda kowa a nan ke ce wa ayis fish. Taitus, kote da fanla. Muna saro shi a kwali daga ɗakin sanyi, ya zo a dunƙule kamar bulo, ni ce mai ɓamɓare shi da wuƙa da guntuwar taɓarya. Yatsuna duk sun tsattsage. A coci ƙarƙashin littafin waƙa nake ɓoye su.

Damuwata Kawu Benson ne, ƙanen Mama. Ya zo daga Jos wai zai yi kwana biyu ya nemi aiki a Rido, ga shi mun yi Kirsimeti da shi, mun yi Ista. Aikinsa gugar riga da cin kan kifi. Shi ne ya taɓa kiwon dodon koɗi a bayan ɗakinmu, wai Turawa za su saya. Anti, dodon koɗi, abin da tafiya ma wahala take ba shi, shi ma gudu ya yi ya bar Kawu.

Ran Talata ya shigo yana gumi, wai wahalarmu ta ƙare, ya samo injin ayis fish a shagon wani mai kayan Beljiyam. Ya ja ni da Mama muka je. Guda biyu ne, sun zo a kwantena, ɗaya na fetur ɗaya na batir. Ƙarfe ne dogo, ya kai mini ƙirji, a murɗe kamar ƙarfen nan na cikin injin markaɗe amma ƙato, da wuƙaƙe biyu a ƙasa, a sama kuma mariƙi kamar kan babur. Kawu ya ɗora yatsa kan rubutun kwalin yana karanta wa Mama da ƙarfi, wai Yaya duba da idonki, ayis fish, ko shi ma ƙarya na yi? Da gaske akwai ayis, akwai fish. Akwai wasu haruffa uku a bayan fish ɗin, ya ce wannan nahawu ne kawai, ba ruwan 'yan firamare.

A jikin kwalin akwai hoto. Wani Bature ne ya naɗe kansa da kaya kamar katifa, yana zaune kan bokiti, ƙasa fari fat, yana riƙe da kifi. Kawu ya ce ɗakin sanyin Turawa ke nan, haka nasu yake da faɗi. To ni na ga bishiyoyi a bayan mutumin. Na ga kuma sandar fatsa a gefensa. Wa ke shuka bishiya a ɗakin sanyi? Wa ke sa wa mataccen kifi fatsa? Na buɗe baki zan tambaya, sai na koma kallon kwalin. Haka nake, in manya na wuri ba na iya sa baki. Shi ya sa Kawu ke kirana Madam Shiru.

Mai shagon ma ban yarda da shi ba. Muna shirin tafiya na ji yana gaya wa wani mutum daban cewa injin shuka doya ne.

Ga abin da ya hana ni cin abinci. Mai shagon ya ce ba sai an kawo kuɗi ba, a ba shi janaretanmu ya ba mu ɗaya. Janaretan nan shi ke riƙe firizar Mama in an ɗauke wuta, kuma a layinmu ɗaukewa ta fi kawowa yawa. In babu shi, kifi ya saki, ya yi ruwa, ya yi wari, sai ƙudaje. Marigayi Babana ne ya saye shi. Amma Kawu ya kama hannuna ya buɗe shi a gaban Mama ya ce, Yaya, kin fi son janareta a kan hannun 'yarki? Mama ta juya baya ta share ido. Ta yarda.

Yanzu wai tunda ni zan riƙa riƙe injin, ni zan zaɓa, in faɗa ran Lahadi bayan sujada. Kawu ya fi son na fetur don ya fi ƙara, wai masu kifin layin su san mun wuce sa'arsu. Na batir ya fi sauƙin ɗauka, amma da me za a yi cajinsa in janareta ya tafi? Shi bai yi wannan tunanin ba. Mutumin da bai taɓa sa hannu cikin firiza ba sai don ɗaukar ruwan sanyi.

Allah ya yafe mini, na raina shi, ko gaisuwa ta fatar baki nake masa. Amma watakila ni ce jahila, shi ya yi difloma. Anti, wanne zan zaɓa? In kuma babu na zaɓa, yaya zan faɗa?

Taki,
Mai Sanyin Hannu, Kakuri

*

'Yata Mai Sanyin Hannu,

Kada ki zaɓi ko ɗaya. Idonki bai ruɗe ki ba, bishiyoyi ne, fatsa ce.

Akwai ƙasashen da sanyi ke tsananta har saman tafki ya daskare, mutane su taka shi kamar daɓe. Masunta su zo da irin wannan inji su huda rami mai faɗin faranti, su zura fatsa cikin ruwan da ke ƙasa, su kamo kifi mai rai. Haruffa ukun nan da Kawunki ya tsallake, su ne suka mai da kalmar daga kifi zuwa kamun kifi. Abin da ya saya da ido injin kamun kifi ne ta cikin ƙanƙara, ba injin kifin ƙanƙara ba. Difloma ba ta hana mutum karanta rabin kalma in zuciyarsa ta riga idonsa zuwa shago.

A can inda aka yi shi, tambayarki tana da amsa: na fetur ya fi juriya, na batir ya fi sauƙi da shiru. A kan kwalin taitus kuwa duk ɗaya ne. Ko ya markaɗe kifin ya zama fate, ko haƙoransa su kama dunƙulen ya juya da ƙarfi, ya murɗe wuyan hannun mai riƙe da shi. Ke ce mai riƙewar. Ko an ba ku kyauta, kada ki taɓa shi. Mai shagon da ke sayar da abu ɗaya a matsayin injin kifi da safe, injin doya da rana, shi kaɗai ne ya san abin da yake so a cinikin nan, kuma janaretanku ne.

Amma ki ba Kawunki haƙƙinsa. A duk gidan shi ya kama hannunki ya duba, ya ce wannan bai dace ba, kuma gaskiya ya faɗa. Maganin ne ya yi shirme, ciwon na gaske ne. Ki riƙe raininki a ciki, ki gaishe shi yadda ake gaida kawu, don ranar da kika nuna masa raini, magana za ta tashi daga kan inji ta koma kan tarbiyyarki.

Ba sai kin yi jawabi gaban manya ba. Gobe, ku biyu a wurin kifi, hannunki na aiki, idonki a ƙasa in kin ga dama, ki karanta wa Mama wannan amsar. Roƙo ɗaya za ki yi mata: kada janareta ya bar gida sai an kai kwalin kifi shagon, Kawu ya tayar da injin da hannunsa, ya raba mata taitus lafiyayye ta gani. Gani ya kori ji. Ina kyautata zaton zai tuna yana da wani uzuri a Rido.

Hannunki kuma, a saya miki safar roba mai kauri. A riƙa fito da kwali da wuri, a sa dunƙulen cikin leda a tsoma a baho na ruwa, zai saki da kansa ba tare da taɓarya ba. Ki shafa basilin bayan aiki. Ɓamɓarar da ta rage, ga namiji zaune a gida da gogaggiyar riga, a ba shi safar ya gwada. Ki kuma gaya wa Mama na ce yarinyar da ta hango bishiya a inda babba ya ga ɗakin sanyi, aji ya kamace ta.

Injin kuwa, a bar wa mai shago ajiyarsa. Ranar da kogin Kaduna ya daskare har masu keke Napep suka daina bin gada, Kawu ya je ya ɗauko na fetur.

Allah ya warkar da yatsunki, ya buɗe muryarki, ya bar janaretan Babanki a inda ya ajiye shi.

Antinki,
Juliana