Tsutsotsin Chiagoziem

Gyadi-Gyadi, 9 ga Maris

Zuwa ga 'yar'uwa Chiagoziem,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin isa Inugu lafiya. Ya jikin Mama? Allah ya tashi kafaɗarta.

Kada ki damu da tsutsotsinki, amana ce kika bar mini. Kullum sai na leƙa ɗakin bincike na canja musu abinci. Jiya na sa ƙwansu ɗaya a madubin ƙara girma, na ga abin da kika shekara uku kina faɗa ana yi miki dariya: da zarar an toshe sinadarin nan mai narkar da tsohon furotin, ƙwan ba ya iya rabuwa gida biyu daidai, ɗan tayin ya lalace tun a matakin farko.

Kin manta littafinki na gwaji a durowa. Na tafi da shi gida don kada ya ɓace.

Naki,
Mu'azu

Gyadi-Gyadi, 2 ga Agusta

'Yar'uwa Chiagoziem,

Bayan gaisuwa, ya ƙarin haƙuri? Rasuwar Mama ta taɓa ni ƙwarai. Ba kya ɗaga wayata, shi ya sa na ba direba wannan wasiƙar a tashar Unguwa Uku.

Na san abokiyar aikinmu Florence ta tura miki takardar binciken da aka buga, kin ga sunana da na shugabanmu Farfesa, babu naki. Shi ya ce wanda ya bar aiki wata biyar ya bar shi ke nan, ni kuwa ban musa ba. Ina da 'ya'ya huɗu, ke kuma da ƙuruciyarki, za ki sake gano wani abin.

Tsutsotsin babu su. Farfesa ya buƙaci wurin, na zuba su a tukunyar ƙona kayan gwaji da hannuna. Mai gidanki na Tarauni ma ya sa wasu a ɗakin. Kayanki suna shagon ƙanena Anas.

Wata alfarma nake nema. An gayyace ni taro a Jamus wata mai zuwa. Shafi na arba'in da biyu na littafinki ruwa ya taɓa shi, ba na iya karanta zafin da kike ajiye ƙwan kafin ki toshe sinadarin. Na gwada sau tara, ya ƙi. Ki rubuto mini lambar kawai, direban zai juyo ran Laraba.

A miƙa ta'aziyyata ga Baba.

Naki har kullum,
Dakta Mu'azu