Tabon da ke Bayan Kunnen Inna Tumba

Zuwa ga Manajan gidan talabijin ɗin da muke kamawa a nan Ƙaura Namoda.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka, ina roƙon ka yi haƙuri da rubutuna. Sunana Murjanatu, shekaruna goma sha huɗu, bara na gama aji shida. Ban taɓa rubuta wa babban mutum takarda ba sai kai. Sau biyu ina ba wani direban motar Gusau wasiƙa ya miƙa a ƙofarku, ban ji amsa ba. Shi ya sa wannan karon na aika wa jarida, ko wani zai karanta maka, kuma mutanen unguwarmu su ji. Akwai wata tsohuwa da za a kora daga garin nan idan wata ya tsaya. Da hannuna a cikin abin, kuma da hannun gidanku.

Na ɗaya. A layinmu da ke bayan tashar jirgi, gida ɗaya ne mai talabijin, gidan Hajiya Kulu. Ɗanta ya ɗaura mata eriya a kan doguwar gora. Idan da wuta, bayan la'asar mata sukan taru a tsakar gidanta da tabarmi. Bana kun kawo sababbin wasanni biyu na Turawa, kuma da yake ni ce na yi boko, Hajiya ta aika wa mahaifiyata a riƙa turo ni ina fassara musu. Gaskiya Turancina bai kai ba. Suna magana da sauri, ta hanci. Kalma ɗaya nake kamawa cikin goma, sauran ina duba abin da suke yi ne in faɗa. Ban iya cewa ban iya ba.

Wasan ranar Litinin bai dami kowa ba. Akwai doki mai fukafukai, da wani tsoho mai dogon gemu da ke kiran iska da sanda, da gari a kan gajimare. Mata dariya suke yi. Wata ta ce a ba ta aron sandar ta kira wa gonar mijinta ruwa. Kowa ya san tatsuniya idan ya gan ta.

Na ranar Laraba ne matsalar. A cikinsa ba doki ba sanda. Mutane ne kamar kowa, da motoci da ofisoshi da asibiti. Wasu halittu ne suke saukowa daga sama cikin wani abu mai kama da faifai, su ɗauke mutum, ɗayansu ya sa kamanninsa ya koma gidansa ya zauna da iyalinsa. Ba a gane su sai da wani dogon tabo a bayan kunne. Ranka ya daɗe, kuna sa shi ne da zarar mai karanta labarai da Hausa ya ce a huta lafiya, ba sanarwa ba komai a tsakani. A cikin wasan ma akwai wani Bature mai zama a tebur da takarda yana karanta labarai kamar naku. Ta yaya Hajiya Kulu, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, za ta san inda labarai suka ƙare wasa ya fara?

Na biyu, kuma nan ne laifina. A Laraba ta uku aka nuna wata mata tana taje wa mahaifiyarta kai, sai ta ga tabon. Hajiya ta juyo ta dube ni a gaban mata wajen ashirin, ta ce, “Ke ɗiyar boko, wanga abu ai labarai na, ko ba gaskiya ba ta?”

Na san ba gaskiya ba ne. Malaminmu ya taɓa gaya mana yadda ake shafa wa 'yan wasa fenti a fuska. Amma Hajiya ta girmi kakata, kuma ta riga ta faɗi abin da take gani. A gidanmu yarinya ba ta ce wa babba a'a a gaban mutane. Sai na sunkuyar da kai, na ja bakin mayafina na rufe baki. A wurinmu kuwa idan aka tambayi yarinya ta sunkuyar da kai, ta amsa ke nan. Hajiya ta ce wa matan to sun dai gani, mai ilimin ma ta tabbatar. Kafin Juma'a, duk layin ana cewa Murjanatu ta ce gaskiya ne.

Na uku. Inna Tumba, tsohuwar da na ambata, mutuniyar Jangeru ce. Shekara biyu ke nan da ta zo garin nan bayan rasuwar mijinta, ba ɗa ba jika. Wani bawan Allah ya ba ta ɗaki a gidansa, tana tuyar ƙosai da safe a bakin layi. Duk shekarar da na yi a aji shida, idan na wuce da jakata sai ta kira ni ta ƙara mini ɗaya a kan na kuɗina, ta ce masu karatu sun fi kowa jin yunwa.

Mai kitson unguwarmu ce ta ga tabo a bayan kunnenta na hagu, dogo, daga saman kunne har wuya. Ba ta ƙarasa kitson ba, ta ce cikinta ke ciwo. Daga nan aka fara. Aka ce ai shi ya sa ba wanda ya san danginta. Aka ce Tumba ta gaskiya tana can sama, wannan riga ce kawai. Aka daina sayen ƙosanta. Da zazzaɓi ya kama jikar Hajiya, aka tuna cewa ta ci ƙosan nan. Yarinyar ta sha magani ta warke cikin kwana huɗu, amma ba wanda ya janye maganar. Ranar Asabar da ta wuce, a bakin rijiya, wata mata ta fizge mata ɗankwali don sauran su gani. Ina wurin da bokitina. Na ga tsohuwar nan ta duƙa tana laluben ɗankwalinta a cikin taɓo, hannu ɗaya a kan kunne. Har a lokacin ban ce komai ba.

Da azahar na zagaya ta baya na shiga ɗakinta. Ba zan ɓoye maka ba, ni da na san wasa ne, sai da na tsaya kusa da ƙofa, domin makonni ke nan ina ganin faifan nan a mafarki, har na taɓa leƙa bayan kunnen mahaifiyata tana tankaɗe. Inna Tumba ta gane. Da kanta ta ɗaga ɗankwalin ta ce in matso in duba da kyau. Saniya ce ta tunkuye ta tana yarinya wajen kiwo, wanzami ya ɗinke. Sai ta yi dariya kaɗan ta ce, “Ɗiyata, in daga sama na sauko, mi ya kai ni zama bakin kasko hayaƙi na cin idona?” Ba ta san ni ce silar abin ba. Ta ma ba ni gyaɗa.

Na huɗu. Na yi ta addu'a wasan ya kai ƙarshe, ko a ga 'yan wasan sun cire fentin, ko a yi wani abin da zai nuna ƙarya ne. Sai kuka daina sa shi. Ranar Laraba muka taru, labarai suka ƙare, aka sa wa'azi. Ba ku ce komai ba. Ni na ɗauka saboda Shari'a ne, tunda an rufe silima ma, kuma ba ni da ja a kan haka. Amma a layinmu cewa aka yi gwamnati ce ta hana saboda asiri ya tonu, kada jama'a su firgita. Sa shi da kuka yi ya tsorata mutane, cire shi da kuka yi shiru ya fi tsorata su. A daren ranar maigidan da ya ba Inna Tumba ɗaki ya ce matansa sun ƙi kwana gida ɗaya da ita, ta nemi wuri kafin sabon wata. Yau saura kwana tara. Yara sun fara jifan ƙofarta, kuma na ji wasu samari na cewa ruwan zafi ne ke fito da ainihin kamannin halittun nan. Wannan ba a wasan suka gani ba, su suka ƙara.

Na gaya wa mahaifiyata. Ta ce in rufe bakina, so nake a ce ɗiyarta ta ƙaryata Hajiya? Na gaya wa Baba, ya ce maganar mata ce, za ta wuce. A Islamiyya kuma Malam ya karantar da mu shaidar zur, ya ce tana cikin manyan zunubai, kuma yanzu akwai hukuncinta a gaban alƙali. Ban iya ɗaga hannu na tambaye shi ba: wanda ya sunkuyar da kai, ya yi shaida ko bai yi ba? Duk lokacin da na ji an yi sallama a zaurenmu sai in ce ni aka zo kira. Amma na fi tsoron ruwan zafin nan fiye da bulala.

Ga roƙona, ranka ya daɗe.

Ba na cewa ku dawo da wasan. Ina roƙon mutumin nan mai hula da ke karanta labarai da Hausa, shi da kansa, domin shi suka yarda da shi, ya faɗa a ƙarshen labarai cewa shirin Laraba wasa ne, mutane ne aka biya suka yi, tabon kuma fenti ne. Ya faɗa kwana uku a jere, don ba kullum muke samun wuta ba. A yi kafin wata ya tsaya.

Sannan duk wasan da za ku sa nan gaba irin wannan, ku faɗa da Hausa kafin ya fara da bayan ya ƙare. Idan kuka cire abu, ku faɗi dalili. Na ji ana kama ku har Zurmi da Shinkafi, kuma a kowane gari akwai baƙuwa mai tabo.

Akwai magana ɗaya da ba taka ba ce, amma ka yi mini izini in sa ta a nan, tunda ɗan Hajiya yana sayen jarida yana karanta mata. Hajiya, ki gafarce ni, ba rashin kunya ba ce. Kin tambaye ni a gaban mutane na sunkuyar da kai. Amsar ita ce a'a, ba gaskiya ba ne. Na sani tun ranar.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya kare ka da iyalinka, ya sa kada a taɓa yi wa mahaifiyarka abin da aka yi wa Inna Tumba a bakin rijiya. Na so in sa hannu da “wata yarinya” kawai, amma ɓoye fuska ne ya kawo mu nan.

Wassalam.

Murjanatu Isa,
Bayan Tashar Jirgi, Ƙaura Namoda.