Guza Ya Ƙona Gona, Basiru

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga taubashina Basiru na Kashin Zama. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da Inna. A shafina nake rubuta wannan, tunda lambarka ta daina shiga. Duk wanda ya karanta daga Aliero, don Allah ya kai maka.

Kai ka koya mini wasan nan na waya, a rumfar mai shayi a Jega, ranar da zan hau motar albasa zuwa Fatakwal. Ka ce kowa zai zaɓi jarumin da zai zama a ciki, sai mu riƙa haɗuwa can ko da ƙasa ta raba mu. Ni na ɗauki maharbi. Kai kuwa ka ɗauki ruwa-biyu, rabi mutum rabi dodon nan mai aman wuta: yana tafiya da ƙafa biyu, ga riga ga takobi, amma ga ƙaho ga wutsiya, fata duk ɓawo. Na ce wallahi kaushin ƙafarka ne suka zana. Ka yi dariya, ka sa masa suna Guza.

A cikin wasan, mutane ba sa barin irinsa ya kwana cikin gari, dodanni kuma sun raina shi. Da ban gane abin da ya sa nake tausayinsa ba. Sai da na daɗe a nan, inda sunana "aboki", in na je gida kuma a ce ɗan Fatakwal ya zo.

Ka tuna yadda kake ba rundunarmu haushi? Abokan gaba su ɓoye cikin gonar alkama, kowa na cewa Guza ya hura wuta a gama, kai sai ka zagaya ta bayan dutse, mu sha kashi. Kullum maganarka ɗaya: "Wanda yas san wahalab ban-ruwa ba shi ƙona shukar wani." Na ce maka gonar zane ce, Basiru. Ka ce ko ta zane ce, wani ya shuka ta.

Sai ka ɓace. Ina rufe rumfa bayan la'asar, in buɗe wasan, sunanka a dushe.

Makon jiya koren ɗigon nan mai nuna mutum ya shigo wasan ya kama kusa da sunanka. Har buhu na saki. Na rubuta maka gaisuwa, na haɗa da zagin taubasantaka, shiru. Muka fita yaƙi, muka iso gonar alkama. Guza ko tsayawa bai yi ba, ya buɗe baki ya cinye ta ƙurmus. 'Yan runduna suna ta murna. Ni a nan na san ba kai ba ne.

Direban da ya kawo mana kaya daga Aliero shi ya ba ni labari: injin ban-ruwanka ya lalace albasa na tsakiyar ɗaukar kai, ka kai wayarka kasuwar Jega, ka sayar da ita da komai a ciki.

Ban ga laifinka ba. Ni ma da albasar nake ci. Amma ka ari wayar wani ka faɗa mini, shi ne ya gagare ka? Ko ka ɗauka ina da irinka da yawa a nan?

Runduna na son sabon Guza, yana ci musu yaƙi. Ni ne shugaba, kuma jiya na cire shi. Ba zan iya kallon fuskarka tana ƙona gona ba. Biyu sun yi fushi sun fita. Gurbinka na nan, ban ba kowa ba.

Allah ya sa albasa ta yi kai, ya tsare ta daga ruɓa, ya ba Inna lafiya. Lambata ba ta canja ba.

Naka mai kaushi irin naka,
Nasiru, daga rumfar albasa, Fatakwal.