Hannun Direba a Bakin Ƙofa

Litinin, 3 ga Maris

Ni, ma'abocin wannan kundi, mai riƙe da digirin farko a fannin adabi, tsohon sakataren ƙungiyar muhawara ta jami'a, na buɗe waɗannan shafuka da manufa guda: in taskace tarihin kammala littafina na farko, domin amfanin manazarta na gaba.

Ga matsayar al'amari. A farkon Janairu Baba ya ba ni wata uku. Idan na ajiye masa cikakken littafi ranar 31 ga wannan wata, zai ƙyale ni shekara guda in nemi mawallafa. Idan na gaza, zan tafi wurin Kawu, tafiyar yini guda daga nan, in zama mai kula da sitonsa na siminti. Na nemi Baba ya ba ni wannan yarjejeniya a rubuce, kamar yadda na saba nema a kowace muhimmiyar mas'ala. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ci gaba da sauraren rediyonsa.

Manhajata tsararriya ce. Kowace safiya kalma ɗari biyar, sannan in zana jan tauraro a kalandar bango. Yau taurari sittin da biyu, babu giɓi. Kyakkyawan zato, juriya, ci gaba: rukunai uku ke nan da na gina kaina a kansu.

Alhamis, 6 ga Maris

Tauraro na sittin da biyar. Na inganta siffanta ƙofar.

Asabar, 8 ga Maris

Yaya ta zo daga asibiti da kayan aikinta a jiki, ta shigo ɗakina ba sallamar kirki. Ta tsaya gaban kalanda ta ce, "Farfesa, wannan ai sai ka ce ƙyanda ta fito wa bango." Daga nan ta ɗaga tarin takardun da ke kan tebur ta tambayi babi nawa ne. Na bayyana mata cewa adadi ba shi ne ma'aunin fasaha ba. Ta ce, "Na ji. Nawa ne?"

Na karɓe takarduna daga hannunta.

A nan, tunda babu mai karantawa, zan rubuta gaskiya. Babi ɗaya ne. Kowace safiya ina ɗauko babin farko in sake kwafe shi da ingantattun kalmomi, in ƙirga ɗari biyar, in zana tauraro. Labarin wani direban babbar mota ne da ya dawo gidan wansa bayan shekara ashirin ba su ga juna ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa. Nan babin yake ƙarewa. Tun Janairu yana tsaye a wurin.

Litinin, 10 ga Maris

Na yi azamar shiga babi na biyu. Na zauna awa uku. Duk jimlar da na fara sai in ji kamar tsofaffin malamaina suna tsaye a bayana suna girgiza kai. Kafin azahar na koma babin farko, na sauya "tsohuwar ƙofa" zuwa "ƙofar da zamani ya yi wa illa", na zana tauraro.

Saura kwana ashirin da ɗaya.

Laraba, 12 ga Maris

Kawu ya bugo wa Baba waya. Ta bango na ji Baba yana cewa, "E, ka bar masa ɗakin dai." Na bar abincin rana ban taɓa ba.

Ba simintin nake tsoro ba. Abin da nake tsoro shi ne a wayi gari ya tabbata cewa ni ba marubuci ba ne, mai kwafe shafi ɗaya ne kawai da kyakkyawan rubutun hannu. Na faɗa wa dukan 'yan ajinmu. Na sa "marubuci" a ƙarƙashin hotona.

Juma'a, 14 ga Maris

Umma tana gugar rigunan Baba a falo, ta kira ni. Idanunta sun yi rauni, ta daɗe da daina karatu. Ta ce, "Auta, zo ka karanta mini abin nan da ya hana ka cin abinci." Na gargaɗe ta cewa salon yana da zurfi. Ta ce ita ma kunnenta yana da zurfi.

Na karanta a tsaye, da muryar muhawara. Ba ta katse ni ba, sai dai sau biyu ta tambayi ma'anar kalma, da na faɗa mata ta ce, "To me ya hana ka ce haka?" Da na kai ƙarshe ta ajiye dutsen guga.

"Sai me ya faru?"

Na ce wannan yana cikin matakin nazari.

"Tun yaushe yake tsaye a ƙofar?"

Na ce tun Janairu.

"Innalillahi. Hannunsa bai yi tsami ba? Bawan Allah ya yi tuƙi tun daga nesa, ko ruwa ba a ba shi ba." Ta juya rigar. "Wa zai buɗe masa?"

Ban san daga ina amsar ta fito ba, na ji bakina ya ce, "Matar wan." Ta ce, "Ta gane shi?" Na ce a'a, ta ɗauka mai gyaran famfo ne. Umma ta yi dariya har ta dafa tebur. "Sai kuma me?" Haka muka yi har ta gama riga bakwai.

Na koma ɗaki. Na rubuta abin da na faɗa mata, yadda na faɗa. Shafi shida. A ma'aunin adabi ba su da daraja ko kaɗan.

Asabar, 15 ga Maris

Na karanta shafuka shidan. Babu balaga a cikinsu. Amma direban yana zaune a kujera, an ba shi ruwa.

Talata, 18 ga Maris

Sabon tsari, na wucin gadi: da la'asar in ba Umma labari, da safe in rubuta. Ba ta da tausayi. Yau ta ce, "Ƙarya ne, mutumin da ya yi shekara ashirin yana fushi ba ya magana haka." Na yi mata bayanin nazariyyar halayyar ɗan'adam. Ta ce, "Na yi shekara talatin da babanka." Na yaga shafin.

Na lura kwana huɗu ban zana tauraro ba. Mantuwa ce.

Talata, 25 ga Maris

Babi shida. Labarin yana buƙatar goma sha biyu. Na yi lissafi ta kowace fuska, ba zai yiwu ba. Ni da na kwashe watanni biyu a bakin ƙofa ɗaya! Na yi tunanin in ɗinke masa ƙarshe na gaggawa, in kashe direban a hatsari in huta. Na gwada wa Umma. Ta daina guga ta dube ni. Na janye.

Duk sanda na ji takun Baba a baranda, sai in duba kalanda.

Litinin, 31 ga Maris

Na ajiye wa Baba babi takwas. Ya auna su a hannu, ya buɗe shafin ƙarshe, ya ce, "Ya ƙare?" Na shirya jawabi mai sassa uku. Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "To. Mota tana tashi ranar Laraba da safe." Har na kai ƙofa ya ƙara, "Bar mini su nan tukuna."

Laraba, 2 ga Afrilu

A tasha nake, jaka tsakanin ƙafafuna. Ina tsoron siton, ina tsoron ɗakin da ban sani ba, ina tsoron in zauna da biro can babu mai ce mini "sai me". Kalandar tana bango, na barta. Babu wuri a jaka ne kawai.

Yaya ce ta kawo ni. Umma ta rako mu har bakin titi, ta riƙe ƙofar mota, ta gyara murya irin tawa ta ce, "Malam marubuci, an bar ni da wa da ƙane a ɗaki ɗaya, ba wanda ya ce uffan. Ina buƙatar amsa a rubuce, kafin Juma'a ta sama. Yayarka za ta karanta mini."

Juma'a ta sama 11 ga wata ce. Kwana tara. Na fara a kan gwiwata, wan ne zai fara magana.