Lambar Baba

Tawa, daren Laraba, 1963

Yau da na taso daga lakwal, makarantarmu, na zazzage aljihun teburin nan da ya daɗe ba ya rufuwa. Matattun pil na tocila, makullan da kwaɗunansu suka ɓace, guntun kyandir, maɓallai, har da haƙorin wani. A can ƙasa na tarar da lambar da Faransawa suka ba Baba bayan yaƙi. Tun da ya makance yake nemanta.

Ya ji ƙarar ƙarfe daga zaure, ya ce, "Isufu, mi ka gani? Ko lambata ta?"

Na juya ta a hannuna. Da ita a ƙirji ya dawo ƙauyenmu Takanamat, ya ce Inna baƙauya ce, ba ta dace da soja ba. Ya kore ta da damina, ta rasu ba ta ga kaka ba.

Na jefa lambar a masai. Na huda marfin kwalbar lemo, na zura mashi tsumma, na maƙala wa Baba a riga. Ya shafa, ya ce ta yi sauƙi. Na ce tsatsa ce ta cinye ta.

Ya sa mini albarka, ya ce gobe in kai shi dandali wurin tsofaffin sojoji, su gani.

Aljihun yana rufuwa yanzu. Zan kai Baba dandalin da hantsi, lokacin da suka fi cika.