An Yi wa Laftof ɗinka Kuɗi

Zuwa ga Abban Nana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata ƙasa ta karɓe ka da sauƙi. Na san ba za ka karanta wannan wasiƙa ba. Ko kana raye ma ba karantawa za ka yi ba, cewa za ka yi rubutun hannu tsohon yayi ne, in bari ka buga mini a kwamfuta. To yau dai ka kwanta ka saurara, babu motar Abuja da kake sauri ka kama, kuma ba ka da bakin katse ni.

Kwamba tana nan yadda ka bar ta. Mai gida ya ƙara kuɗin haya, rijiyar tsakar gida ta ja baya, matar ɗakin bakin ƙofa ta haihu namiji. Daga wurin aikinku an turo mutum biyu ta'aziyya, suka ce an yi rashin masinja mai gaskiya, kuma har sun ɗauki wani. Haka suka faɗa a gaban mata, masinja. Na gode wa Allah a ranar Nana tana Islamiyya, ba ta ji ba.

Babban labari shi ne ranar Asabar an raba gadonka, kuma an yi wa laftof ɗinka kuɗi. Na san ko a kabari wannan ne zai sa ka buɗe kunne.

Ka tuna lokacin da za ka saye ta? Wata da watanni kana shawara. Ka tambayi wanzami, ka tambayi abokan zamanka na mota, ka shiga shagunan kasuwar Suleja ɗaya bayan ɗaya kana tambayar batir da nauyi da wadda ta fi juriya. Sabuwa ko ta hannu, babba ko ƙarama, wacce za ta ci kuɗinta? Kowa ka tambaya ban da ni, alhali kuɗin da muke tarawa ne don mu sayi ɗan fili wajen Diko mu huta da haya, kuma akwai gumina a ciki. Da na gaji na yi maka tambaya ɗaya, me za ta riƙa sa mana a tukunya? Ka kalle ni kallon wadda ba ta waye ba. Ka ce za ka riƙa buga wa mutane takardu, ka cika wa ɗalibai neman makaranta, kafin shekara ta zagayo ta mayar da kuɗinta har da riba, fili kuma ba guduwa zai yi ba. Filin dai ya gudu, Abban Nana. Yanzu shaguna ne a wurin.

Sabuwa ta fi ƙarfinka, sai ka sayo ta hannu, mai tabo a murfi. Ka ƙara wa mai shagon wani abu ya ba ka kwalin sabuwa ka sako ta a ciki, don 'yan gidan haya su gani. Ni na share maka tabon da man gyaɗa ko zai ɓuya. Da yamma ina jin ka ta taga a majalisar ƙofar gida kana faɗin kuɗinta, ka ninka abin da ka biya. Da muka je Zariya sallah na ji kuɗin ya ƙara girma. Laftof tana tsufa, kuɗinta yana ƙiba a bakinka. Ban taɓa tona ka ba. In mata suka tambaye ni, sai in ce ai harkar maza ce, ni ban san kuɗin irin waɗannan kaya ba.

To bari in yi maka lissafin da ka ƙi yi. Wa ya taɓa kawo maka bugun takarda? Ko mutum ɗaya. Batirinta ba ya kai dafuwar shayi, in ba a jone take ba gawa ce, wutar Kwamba kuwa ka san halinta. Sai ka ta da janareto, shi kuma ba ya ɗaukar ta tare da firiza da fanka da talabijin. Wa ake cirewa? Firiza. Kana kishingiɗe kana kallon ƙwallo a cinyarka, ƙanƙarata tana narkewa, zoɓona da kunun ayata suna tsami. Sau nawa na zubar da su a kwata kafin gari ya waye, don kada maƙwabta su gani?

Amma ba zan yi maka ƙarya ba, ta sayo maka wasu abubuwa. Ta sayo maka jakar da kake ratayawa kullum zuwa Abuja, ka je ka ajiye ta ƙarƙashin benci ka shiga aike. Ta sa masu keke suna ce maka Oga, kwandasta yana ba ka gidan gaba. Ranar da ka yanke jiki ka faɗi a tasha ma, waɗanda suka kawo mini labari jakar suka fara miƙo mini da hannu biyu, kafin su gaya mini kana asibiti. Ta kuma sayo maka Nana. Yarinyar nan da gefen hijabinta take goge ta, ta hana ƙawayenta taɓawa, ta cika makarantarsu da cewa Abbanta injiniyan kwamfuta ne a Abuja.

Firizar da kake cirewa kuwa ita ce ta ciyar da mu. Ita ta biya makarantar Nana, ita ta cike haya duk watan da albashinka ya ƙare a mota. Kai ka saya, ban musa ba. Na sha roƙonka ka ce ka ba ni, ko a gaban mutum biyu ne, ka ƙi, saboda kana jin daɗin cewa firizarka in an yi baƙi. Don haka da ka mutu ita ma ta shiga gado.

Yayanka Ɗanlami ya zo daga Zariya, ya kira malamin unguwa da mutum biyu daga majalisarku su zama shaidu. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka fito da kayanka: babur, firiza, janareto, talabijin, kujeru, da ita uwar gayyar a cikin jakarta. Ni ina bayan labule saboda takaba, Nana tana jingine da ni. Malam ya yi bayani, ni ina da tumuni, Nana tana da rabi, sauran na Yaya ne. Za a yi wa kowane kaya kuɗi, a haɗa, sannan kowa ya ɗauki kayan da ya yi daidai da rabonsa.

Yaya ya yi ta karya kuɗin kaya. Babur ya tsufa, firiza ta sha aiki, janareto sai a hankali. Da aka zo kan laftof sai murya ta canza. Ya ce wannan ba ta buƙatar ciniki, marigayi da bakinsa ya faɗi abin da ya saye ta, ga shaidu nan sun ji, kuma ɗan'uwansa ba maƙaryaci ba ne. Ya ambaci kuɗin nan naka na ƙarshe, wanda ya fi kowanne ƙiba. Shaidu suka gyaɗa kai. Sai ya sassauta murya kamar mai tausayi, ya ce marainiya 'yar makaranta ce, ita ta fi kowa buƙatar kwamfutar mahaifinta, a ba mu ita da kujeru da talabijin, shi zai haƙura da firiza da babur da janareto.

Ka gane abin da ya faru? Ƙaryarka ce ta tashi daga kabari za ta cinye rabona da na 'yarka. In na yi shiru, mutuncinka ya tsira, mu kuma mu zauna a kujeru muna kallon laftof har mai gida ya watsa mana kaya waje. In na yi magana, firiza ta tsira. Kai ka yi watanni kana auna wacce za ta ci kuɗinta. Ni numfashi ɗaya na ja na gama tawa shawarar.

Ban ce ka yi ƙarya ba, ka shaida wannan. Daga bayan labule na yi sallama, na ce na yarda da kuɗin da Yaya ya faɗa, tunda shi ne babba. Sai dai tunda kaya ne mai daraja haka, mu mata ba za mu iya riƙe shi ba, shi ya ɗauka a kan wannan kuɗin, abin da ya haura rabonsa ya cika wa marainiya. Malam ya ce magana ta yi, wanda ya sa wa kaya kuɗi ya kamata ya iya ɗaukarsa a haka.

Da ka ga yayanka. Ya cire hula ya mayar, ya ce ba haka yake nufi ba, malam ya sake maimaita masa. Sai ya fashe. Ya ce shi za a liƙa wa wannan tarkacen? Ashe ranar sadakar uku, da na nemi jakar na rasa har la'asar, shi ya saɓe ta ya kai kasuwa aka taya masa, kuma abin da aka taya ko ɗan akuya ba zai saya ba. Ya ce tun kana yaro haka kake, in ka tsinci kwabo sai ka ce sule ne, duk dangi sun sani, a gida Sagiru mai ƙari suke ce maka in ka ba da baya. Ɗaya daga cikin shaidun nan, abokinka da kuke cin tsire tare, dariya ta ƙwace masa. Ya ce su ma a majalisa in hira ta mutu sai wani ya tambaye ka kuɗin laftof da gangan, don a ji inda ya kai a wannan makon. Sun kuma san aikin da kake yi a Abuja, ɗan wani daga cikinsu ya sha ganinka da tiren shayi. Malam da kansa sai da ya rufe baki da hannun riga.

Ka ji, Abban Nana? Babu wanda ya taɓa yarda. Masu keke sun ce maka Oga ne don ka bar musu canji. Shekarun nan da na yi ina rufa maka asiri, ina zubar da zoɓo a ɓoye, ina yin kamar ban san kuɗin kaya ba, ashe asirin a buɗe yake, ni ma da ni ake dariyar. Wannan ya fi filin Diko yi mini ciwo, kuma ban yafe shi ba tukuna.

Aka sa wa laftof ɗin kuɗin kasuwa. Firiza da janareto suka faɗo mana, Yaya ya hau babur ɗinka ya tafi ko sallama babu. Laftof kuwa aka ɗora ta a kan rabon Nana kamar gyaran da mai tumatir yake yi wa wanda ya saya da yawa.

Saura Nana. Duk abin nan tana jikina, farcenta a cikin damtsena, har yanzu da shaidar. Da mutane suka watse ta tambaye ni ko gaskiya Baffa ya faɗa. Da na so, da na ce hassada ce, kuma da ta yarda, don neman abin da za ta riƙe take yi. Na zaunar da ita na gaya mata komai. Na gaya mata kwalin aro, da tabon da na shafa wa mai, da benci da tiren shayi, da ko wane ne yake cire firiza. Zan iya cewa don kada ta tashi a kan ƙarya ne, kuma akwai wannan. Amma tunda ba mai jin mu, na ji daɗin faɗa. Na gaji da ganin yarinyar da zoɓona ya yi wa kuɗin makaranta tana rugawa ta karɓi jakarka, ni kuwa ko sannu. Na daɗe ina jiran ranar da za ta san wa ya riƙe gidan nan.

Ba ta yi kuka ba. Washegari da safe ta ɗauko jakar ta ajiye a gabana, ta ce in ba da kayan mijina a sayar, a sayo sukari da leda. Kayan mijinki, haka ta ce. Tun ranar ban sake jin kalmar Abba a bakinta ba. In na ce ta yi maka addu'a bayan salla, takan ɗaga hannu ta shafa, leɓenta ba ya motsi. Ni ma ɗin ba ta cika kallon idona ba. Tana ɗaura zoɓo, tana kai wa masu shago, tana kawo kuɗi cif, ta ci abinci ta kwanta ta juya wa ɗaki baya.

To ga amsar tambayar da ka yi ta yawo da ita gari gari ba ka kawo mini ba. Laftof ɗinka ba ta ci kuɗinta ba. Ka ba da filinmu ka sayi mutum ɗaya tak da ta yarda da kai a duniyar nan, yarinya 'yar shekara goma sha biyu, ita ma ranar Asabar na karɓe ta daga hannunka. Ban san ko ni na same ta ba. Na dai san kai ka rasa ta, kuma daga inda kake babu abin da za ka iya gaya mata.

Allah ya jiƙanka, ya yi maka hisabi da sauƙi, kada ya sa maka kuɗi yadda mutanen Kwamba suka sa. Sai mun zo.

Matarka, zuwa ranar da zan fita takaba,
Rabi'atu