Gawayin da Ya Ƙi Kamawa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hassu,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina sanar da ke cewa bana na koma kwazazzabon nan na hanyar Madina inda muka baro ki, don in nemo kabarinki.

Kin tuna ranar da muka fara shiga harra, ƙasar baƙaƙen duwatsu da Larabawa ke cewa wuta ce ta dafa su? Ke da wahalar itace ta ishe ki a Misfala, unguwarmu ta kusa da ɗakin Allah, sai kika sauke kaya kina tafa hannu: "Sale, ashe akwai ƙasar da gawayi ke zube ba mai shi!" Kika cika zane, kika tara, kika yi ta hurawa har idonki ya yi ja. Duk ayarinmu na takari sai da suka yi dariya har da hawaye. Kika ce ke ba ruwanki, gawayin Larabawa ne ke da taurin kai.

Washegari muka gangara kwazazzabon. Hanya a tsaye kamar katanga, tsakuwa na zamewa, kina dafe da kafaɗata. Can ƙasa ruwa na gudu garai-garai, ga dabino kore shar a tsakiyar baƙin dutse. Kika ce tun barinmu gida ba ki ga wuri mai kyau haka ba. Ashe zazzaɓi ya riga ya cinye ki, kina ɓoye min.

Hawan ɗaya gefen ne ya gagare ki. A tsakiyar hawa kika zauna, ba ki sake tashi ba. Da ƙyar muka haƙa ɗan rami, babu itacen jerawa, babu tukwane. Da gawayin naki muka rufe ki, Inna.

Yanzu mutane lori suke shiga, hanyar ta mutu, sai awaki. Na hau, na sauka, na sake hawa har gwiwata ta ƙi. Kowane tarin dutse sai in ce shi ne, in matsa in ga wani irinsa. Ban gane ki ba, Inna. Na zauna na yi kuka kamar yaro, ga furfura a gemuna.

Dutse ɗaya na ɗauko. Hajara, surukarki da ba ki sani ba, ta dube ni ta ce, "Ya Sale, esh hada, mene ne wannan? Dutse ne tsarabar?" Na sa shi a murhunmu. Tun daga ranar na ƙwace mata hura wutar safe, tana ta mamaki. Yana ɗaukar zafi, amma har yau bai kama ba. Gaskiyarki, yana da taurin kai. Ni ma ban daina hurawa ba.

Allah Ya san inda kike, ko da ni na kasa. Ya sanyaya makwancinki, Ya karɓi ziyarar da ba ki ƙarasa ba, Ya haɗa mu inda ba a rabuwa. Amin.

Autanki,
Sale, daga Misfala